Injin Sin da Hannun Isiyaku

Alhamis, 6 ga Nuwamba, 1997, bayan Asuba

Ban yi niyyar sake buɗe littafin nan ba. Rabona da shi tun ina ɗaliba a ƙasar Sin, lokacin da ba ni da wanda zan yi wa Hausa sai takarda. Yau ga ni a Magajiya, unguwar da aka yanke mini cibiya a Suleja, kowa yana jin Hausa, amma ba mai son jin tawa.

Isiyaku yana asibiti. Malam Munir, maigidana, can ya kwana, don ƙaninsa ne ciki ɗaya. Ni an ce in zauna a gida.

Na wanke zanen da na ɗaure masa wurin da shi jiya. Na wanke, na sake wankewa. Na shanya shi a bayan ɗaki inda ba mai gani.

Ba injin ba ne. Duk wanda ya tambaye ni, abin da zan ce ke nan.

Alhamis, da La'asar

Malam ya dawo ya yi wanka. Na ce, “Me likita ya ce?” Sai ya ɗora yatsa a nasa hannun na dama, ƙasa da gwiwa kaɗan, ya ja layi. Na zuba masa tuwo, ya bar mini abina ya koma.

Juma'a, 7 ga Nuwamba, da hantsi

Na je unguwar Wambai in duba rumfar da nake casar shinkafa. Na tarar da kwaɗo biyu a ƙofa, nawa da wani. Alhaji Bamalli, shugaban ƙungiyar masu injin niƙa, yana zaune a benci a gindin mangwaro kamar wanda ya san ina tafe.

Na durƙusa na gaishe shi, don abokin marigayi Baba ne. Ya ce, “'Yata Tayyiba, sannu da wannan abu. Allah ya sa kaffara ne.”

Na ce amin. Na ce, “Baba, kwaɗon wa na gani a ƙofata?”

Ya ce, “Namu ne. Kayan nan na Sin ba mu san kansu ba. Injin da mutum huɗu za su ɗauka kamar akuya ai ba inji ba ne. Ga shi ya ci mutum. A bar shi a rufe har manya su zauna.”

Na ce, “Baba, ni ba 'yar ƙungiyarku ba ce. Da na zo neman shiga, cewa kuka yi ba ku da kujerar mace.”

Ya ce, “To, yanzu mun samo miki.”

Na tashi na kakkaɓe zane. Na san abin da aka garƙame. Manyan tsofaffin injinansu suna shan gas kamar raƙumi ya samu rijiya. A wannan wahalar man, kafin Azahar sun rufe. Nawa ɗan ƙarami yana casa har Magariba da abin da nasu ke shanyewa a ɗumama jiki. Tun damina matan da ke bin layinsu suka dawo nawa. Wannan suka sa wa kwaɗo, ba tausayin Isiyaku ba.

Asabar, 8 ga Nuwamba, da Azahar

A kasuwa sun raɗa masa suna. Ci-hannu. Har mai tumatir ya iya.

Lahadi, 9 ga Nuwamba, bayan La'asar

Hajiya, surukata, ta zo. Ta ƙi hawa kujera, ta zauna a bakin ƙofa da mayafinta.

Ta ce, “Tayyiba, gwamnati ta kai ki Sin shekara biyar kin karanto injin noma. Kin dawo an ba ki ofis a Abuja, har da kujera mai juyi. Kika ajiye, wai ke kasuwanci. Na yi shiru. Kika kwaso ƙarafa daga can, kika sa ɗana a kai. Na yi shiru. To yau ba zan yi shiru ba. A kira masu gwangwan su auna abin nan su kwashe, ki koma ki roƙi aikinki.”

Na ce, “Hajiya, Isiyaku shi ya zo ya same ni, lokacin da mai motar da yake ja ya sayar da ita. Wata nawa yana zaune.”

Ta ce, “Yana zaune da hannunsa biyu.”

Na sunkuyar da kai. Amma da ta sake cewa a sayar, na ce, “Ki yi haƙuri, Hajiya, ba zan sayar ba.” Ta dube ni kamar ba ta taɓa ganina ba. Ta tafi ba ta sha ruwan da na kawo ba.

Kowa a garin nan ya iya cewa a nemi ilimi ko da a birnin Sin ne. Ba wanda ya faɗi abin da za a yi da macen da ta je ta dawo da shi.

A ofishin nan da take yabo, shekara uku na yi ina ɗaukar fayil daga wannan tebur zuwa wancan. Ban taɓa riƙe sifana ba. Ba zan koma ba.

Litinin, 10 ga Nuwamba, bayan Magariba

Na bi motar ma'aikata da sassafe zuwa Abuja don in buga wa ƙawata Shulan waya a Sin. Ɗakinmu ɗaya da ita a jami'a. Ita ta koya mini cin abinci da tsinke, ni na koya mata kitso. Bayan mun gama aka ba ta aikin gwamnati, ta yi shekara biyu ta ajiye. Su a can suna kiran haka faɗa wa teku: mutum ya bar albashi ya shiga kasuwa, ko ya iya ruwa ko ya nutse. Ta ce rabin ajinmu sun faɗa. Yanzu ita ke sayar wa masana'antar ƙauyensu kaya, inda manoman da suka bar gona suke ƙera injina. Daga wurinta na samo guda huɗun nan, ɗaya a Wambai, uku a hannun matan ƙauyen Gawu.

Da ƙyar layin ya shiga. Tana cikin mota, wai yanzu wayar a jakarta take yawo da ita, ba waya ba igiya. Na faɗa mata abin da ya faru. Sinancina ya yi tsatsa, amma ta gane.

Ta ce, “Kai, abin tausayi.” Ko numfashi ba ta ja ba ta ce, “Injin fa, ya lalace? Goman da kika ce za ki ƙara bayan kaka, har yanzu kina so? Farashi zai tashi.”

Na ce, “Shulan, mutum nake faɗa miki.”

Ta ce ta ji.

Na ce, “Me ya sa bel ɗin injin ya zo a buɗe, ba murfi?”

Ta ce, “Murfi yana ƙara kuɗi da nauyi. Ba wanda yake tambaya.”

Na kife mata waya. Yarinyar da ke kula da wurin ta ce, “Madam, a hankali, ba naki ba ne.”

Ba wanda yake tambaya. Haka ta ce.

Talata, 11 ga Nuwamba, da hantsi

Jiya motar dawowa ta wuce ta gaban asibitin. Ban ce a sauke ni ba.

Laraba, 12 ga Nuwamba, da Azahar

Yau mako. Bari in rubuta abin da zan iya.

Ranar, Isiyaku bikin suna za shi. Ya riga ya sa babbar rigarsa mai ruwan toka, ya fesa turare, yana tsokanata kamar yadda ya saba: “Injiniya, matar Yaya, yau ke za ki sha ƙaiƙayi, ni na tafi cin naman rago.” Sai ga wata tsohuwa da rabin buhu, tana roƙo, wai baƙi ta yi. Ya ce bari ya sallame ta. Ni ina baya ina gyara raga. Na ji ya tayar da injin. Na ji yana wa tsohuwar wasa.

Sai ƙarar injin ta sauya.

Ni na kashe shi. Ni na kwance zanena. Sauran ba na takarda ba ne.

Da babbar riga. Wa yake zuwa kusa da bel da babbar riga? Na sha faɗa masa. Na sha faɗa.

Ba injin ba ne.

Juma'a, 14 ga Nuwamba, bayan La'asar

Maza suna masallaci na ɗauki mayafi na zaga gari da ƙafa. Duk rumfar niƙa da na sani na leƙa, daga bakin kasuwa har bayan tasha. Ba injin da na gani da murfi. Ko ɗaya. Bel yana ta filfilwa a fili, mata suna ratsawa da goyo.

Na kuma kalli hannuwa. Ban taɓa lura ba sai yau. Wani dattijo mai niƙan masara yatsunsa uku. Wani ba babban yatsa. A rumfar Alhaji Bamalli kanta, wanda ke zuba hatsi da dungulmi yake tura kwano. Na tambaye shi yaushe, ya ce an daɗe, ƙaddara ce. Na ce, “An rufe rumfar?” Ya yi dariya, ya ce, “Washegari ma an yi niƙa.”

Wato idan injin Turawa ya ci, ƙaddara ce. Idan na Sin ya ci, a hannun mace, to Ci-hannu ne.

Aka gane ni, aka ce in fita. Na fita a hankali, ban yi sauri ba.

Asabar, 15 ga Nuwamba, da yamma

Iya Sailuba ta zo daga Gawu da ƙwaryar doya. Ita ce shugabar matan da suka haɗa kai suka karɓi injina ukun. Ta ce ƙungiya ta aika musu maza biyu, wai su daina. Ta ce, “Na ce da su, kafin injin nan sai mu ɗauro shinkafa zuwa Suleja mu kwana a layinku, ko mu daka a turmi har kafaɗa ta mutu. Wanda ya ce mu daina ya zo ya karɓi taɓarya.”

Na yi dariya, karo na farko tun ranar.

Sai ta matso ta kama gwiwata. Ta ce, “Amma 'yar nan, tsakaninki da Allah. 'Ya'yanmu ne a kai. Zai sake ci?”

Na buɗe baki in faɗi abin da nake faɗa wa kowa. Ya ƙi fita.

Na ce, “Iya, ku kashe su. Ku ba ni 'yan kwanaki.”

Ta ce, “A tsakiyar kaka?”

Na ce, “A tsakiyar kaka.”

Ba don Bamalli ba. In rubuta wannan da kyau. Ba don Bamalli ba, ba don Hajiya ba, ba don mai tumatir ba. Ni na ce a kashe, ni zan ce a tayar.

Litinin, 17 ga Nuwamba, bayan Magariba

Wuni guda a wurin Jerome mai walda, a bakin titin Minna. Na zana masa abin da nake so da alli a ƙasa: akwati mai rufe bel da fuli, ƙarfen da bel ke zagayawa a kai, gaba ɗaya, gefe ɗaya raga don iska, da ƙofa mai sakata don gyara. Ya tsuguna ya daɗe yana kallo. Hausarsa irin ta 'yan tasha ce. Ya ce, “Madam, shekara ashirin ina gyara injin niƙa, ba mutum ya taɓa ce in yi masa riga.”

Na ce, “Yau ka samu.”

Ya ce, “Mutane ya ce injin naki yana da aljani na China.”

Na ce, “Shi ya sa za mu sa shi a keji.”

Muka yanka tsohon duro, muna gwadawa a kan bel da fulin ajiya da na zo da su, tunda injin yana garƙame. Na farko ya matse fuli, muka watsar. Na biyu yana kaɗawa kamar gwangwani. Na uku ya zauna. Tartsatsi ya huda mini mayafi wuri biyu. Na dawo gida hannuna baƙi ƙirin, na ji daɗin ganinsa haka.

Na zana shi a takarda da awo, gobe in tura wa Shulan ta faks. Ba gaisuwa zan sa ba. Zanen kawai, da layi ɗaya: ga abin da ba wanda yake tambaya.

Laraba, 19 ga Nuwamba, da yamma

Gawu. An sa wa duka ukun riga. Na sa Iya Sailuba ta kaɗa gefen zanenta a jikin ragar injin yana gudu, kowa ya gani. Na ce ba mai tayarwa da babbar riga ko mayafi a sake, ko da akwai murfi. Suka yi guɗa. Ni ban yi ba.

Ashe abin wuni ɗaya ne da tsohon duro.

Alhamis, 20 ga Nuwamba, bayan Asuba

Malam ya kwana a gida, karon farko. Bayan ya dawo masallaci ya zauna a bakin gado yana juya carbi. Mutum ne da bai iya faɗa ba, shi ya sa maganarsa ke zafi.

Na riga shi. Na ce, “Malam, in kai ma cewa za ka yi laifina ne, faɗi kawai in ji.”

Ya ce, “Ban ce ba. Hajiya ta ce in hana ki sana'ar nan, na ce ba zan hana ba. A ofis ana nuna ni, mijin mai Ci-hannu, ban tanka ba.” Ya ajiye carbin. “Kin je Abuja. Kin je Gawu. An ce kin zaga Suleja kaf da ƙafa. Asibiti ne kaɗai ya yi miki nisa.”

Na ce, “Ai cewa aka yi in zauna a gida.”

Ya ce, “Ranar farko ke nan. Kuma yaushe kika fara jin maganar mutane, Tayyiba?”

Ya ɗauki jakarsa ya tafi tasha.

Juma'a, 21 ga Nuwamba, da La'asar

Na kai har ƙofar ɗakin. Na hango ƙafafunsa. Asibi, matarsa, tana zaune tana masa fifita, ta ɗago ta gan ni. Ba ta ce shigo ba, ba ta ce fita ba. Na ajiye kwanon farfesun a ƙasa na juya.

Asabar, 22 ga Nuwamba, da safe

An dawo da kwanon. A wanke. Ban san wanda ya ci ba.

Litinin, 24 ga Nuwamba, bayan Magariba

Amsar Shulan tana jirana a Abuja tun Juma'a, shafi biyu. Na farko zanena ne, sun gyara shi, sun rage ƙarfe, sun mayar da sakata ƙugiya. Ta ce sun riga sun ƙera samfuri, daga wata mai zuwa duk injin da zai fita da shi zai fita, kuma za su rubuta a takardar talla cewa sabon salo ne. Cikin kwana uku. Mutanen nan ko kuka ka kai musu sai sun ƙera wani abu da shi sun sayar.

Shafi na biyu da hannunta ta rubuta. Ta ce yayanta yatsu biyu ne suka rage masa a dama, injin matse ƙarfe ne, a masana'antar tasu. Ta ce a ƙauyensu idan maza suka zauna shan shayi, ba kowa ke iya riƙe kofi da hannu ɗaya ba. Ta ce babanta ya yi shekara talatin a masana'antar gwamnati a birni, bana aka sallame su dubbai a rana ɗaya, yanzu faci yake wa kekuna a bakin titi. Ta ce, “A nan kowa gudu yake. Wanda ya tsaya kuka, in ya ɗago ba zai ga kowa ba. Na manta yadda ake tsayawa. Ki gaishe da ɗan'uwanki.”

Na karanta a mota, na sake karantawa. Na tuna ta da 'yar rigar sanyinta guda ɗaya, tana raba mana ƙwai biyu.

Na ji tausayinta. Ban huce ba tukuna. Gudun nasu ina so, shi ya sa na faɗa tekun ni ma. Amma ba zan yi gudu a kan yatsun mutane ba, nasu ko namu.

Alhamis, 27 ga Nuwamba, da yamma

Manya sun zauna, a zauren mai unguwa. Maza cike, ni kaɗai a bakin ƙofa. Malam ya ɗauki hutun yini ya zo, ya zauna kusa da ni.

Alhaji Bamalli ya yi magana mai tsawo. Kayan Sin ba su da ƙarko, ba su da kayan gyara, yau shekara ɗaya gobe bola. In aka bar wannan ƙofa a buɗe, gobe babur ɗinsu zai zo, jibi atamfarsu, har ƙosai sai sun soya mana. Wasu suka yi dariya. Ya ce ƙungiya ta yi adalci: ko in sayar musu da injin su san yadda za su yi da shi, ko in fitar da shi daga gari.

Mai unguwa ya ce, “Tayyiba, kina da magana?”

Na kwance ƙullin da na zo da shi, na ajiye murfin a tsakiyar tabarma. Ya yi ƙara. Na ce, “Ranka ya daɗe, wannan rigar inji ce. Da tana jikin nawa ranar Laraban nan, da ba mu zauna nan ba. Ranar babu ita a nawa, babu ita a na kowa a ɗakin nan. Ni na yi wa nawa. Ina roƙon duk mai inji ya yi wa nasa. Ba na neman ko sisi, zanen yana wurin Jerome.”

Wani ya ce, “Yarinya za ta koya mana sana'ar da muka gada?”

Na ce, “Baba, a ɗaga hannuwa a ƙirga yatsu, sai a ga abin da aka gada.”

Malam ya taɓa gefen mayafina. Na san na wuce gona da iri. Ban janye ba.

Na ce, “Kayan Sin kuwa suna tafe, ko da ni ko ba ni. Gara wanda ya san cikinsu ya tare su, ya ce musu wannan ya yi, wannan bai yi ba.”

Maganata ba ta sauya komai ba. Mai rumfar ɗan'uwan Alhaji ne, ya ce yana son wurinsa. An ba ni zuwa Asabar.

A hanya Malam ya ce, “Maganar yatsun nan ba ta kamata ba.” Can kuma ya ce, “Amma gaskiya ce.”

Asabar, 29 ga Nuwamba, bayan La'asar

Sun cire kwaɗonsu. Mun ɗora injin a bayan a-kori-kura zuwa Gawu. Direba ya ce in shiga gaba, na ce a'a. Na hau baya na zauna kusa da shi, na ce ya bi ta tsakiyar kasuwa, kada ya yi sauri. Duk mai son ganin Ci-hannu da uwarsa ya gani.

Ƙasan rumfar Wambai an zuba yashi a wurin da jinin ya zuba. Ban san wanda ya zuba ba. Allah ya saka masa.

Litinin, 1 ga Disamba, da Azahar

Jerome ya ce mutum biyu sun zo masa a ɓoye, a yi wa injinsu riga, kada a faɗa wa Alhaji.

Talata, 2 ga Disamba, bayan Magariba

An sallami Isiyaku jiya, yana gidan Hajiya. Yau ya aiko in zo.

Yana zaune a tabarma a tsakar gida, ya rame, an yafa masa tawul a kafaɗar dama. Hajiya tana ɗaki, labule a sake. Asibi tana tsintar wake, ba ta ɗago ba.

Ya ce, “Injiniya. Kin ɓuya.”

Na durƙusa. Duk abin da na shirya ya gudu. Na ce, “Ya jiki?”

Ya ce, “Jiki ga abin da ya rage.” Ya yaye tawul ɗin da kansa. “Kalla. Kowa sai ya kalli bango. Ke ki kalla, ke kika ɗaure shi.”

Na kalla.

Ya ce, “An ce kin yi wa injin riga.”

Na ce e.

“Da kin yi tun farko.”

Na ce, “E.”

“Ni ma da na tuɓe tawa.” Ya mayar da tawul. “Shi ke nan, an gama wannan. Ba shi na kira ki ba. Kowa ya zo sai ya ce kada in damu, za a riƙa taimaka mini. Alhaji Bamalli ya aiko, wai zai ba ni gadi. Hajiya ta ce in zauna, Yaya zai ciyar da ni da 'ya'yana. Ni ban kai arba'in ba, matar Yaya. Mota ta fi ƙarfina yanzu. Abu ɗaya nake so ki faɗa mini. Injin nan, ana iya tayar da shi da hannu ɗaya?”

Daga ɗaki Hajiya ta ce, “Isiyaku!” Asibi ta ajiye tiren wake.

Na faɗa masa gaskiya. Na ce, “A'a. Ka sani. Hannu ɗaya yana danne ɗan ƙarfen da ke sassauta injin, ɗaya yana juya handul.”

Ya ce, “To me kika je Sin kika koyo?”

Asibi ta ce, “Wallahi ba za ka koma kusa da abin nan ba.” Ya ce, “Shi ya san ni, ni ma na san shi. Wanne kike so, in koma ko in zauna ina kallon hannun mutane?” Ta tashi ta shige madafa.

Bai ce ya yafe ba. Ban roƙa ba.

Alhamis, 4 ga Disamba, da yamma

Ni da Jerome. Wayar birkin babur da abin taka birki na tsohuwar mota. Ƙafa ta danne, hannu ya juya. A ƙasa da alli ya yi kyau.

Asabar, 6 ga Disamba, da La'asar

Waya ta tsinke sau biyu. Jerome ya ce, “Madam, a bari sai Monday.” Na ce a samo mai kauri.

Lahadi, 7 ga Disamba, bayan Magariba

Gawu. Mun ɗaura abin takawar a injin Wambai, a rumfar zanar da matan suka kafa masa. Ban gaya wa kowa a gida ba sai Malam. Ina tsugune ina ɗaure ƙusa na ji Iya Sailuba tana maraba da baƙuwa. Na ɗago, sai ga Asibi da goyonta. Ita kaɗai ta shigo mota ta zo.

Ta ce, “Na zo in ga abin da zai ƙarasa mini miji.”

Na ce, “Ga shi.”

Jerome ya ce bari ya gwada. Na ce a'a, shi yana da ƙarfin maƙera, kuma hannunsa na dama zai kai agaji bai sani ba. Ni ma haka. Na ɗauki igiyar buhu na ce wani ya ɗaure mini dama a baya. Matan suka tsaya kallon juna.

Asibi ta miƙa wa Iya goyon, ta karɓi igiyar. Ta ɗaure. Ta ja fiye da yadda ake bukata, har na ji a ƙashi.

Na taka, na kama handul da hagu. Hagu ba ta san hanya ba. Na juya, ya ƙwace, na faɗi a kan gwiwa cikin ƙaiƙayi. Ba wadda ta yi dariya. Na tashi. Na sake, ya yi tari ya mutu. Na sake. Kafaɗata kamar an zuba barkono. Jerome ya ce, “Madam, ya isa.” Asibi ta ce, “Bai isa ba. Shi ma haka zai yi.”

Na gyara tsayuwa, na kawo ƙafar kusa, na bar nauyin jikina ya bi handul ɗin maimakon in yi kokawa da shi. Na juya har ya ɗauki gudu, na ɗage ƙafa.

Ya kama. Hayaƙi ya tashi, rumfar ta ɗauki rawa.

Asibi ta daɗe tana kallonsa, tana kallon ragar da bel ke gudu a bayanta. Ta zagayo ta kwance ni. Igiyar ta bar mini shaida a wuyan hannu. Ta sa bakinta kusa da kunnena saboda ƙara, ta ce, “Abin takawar ya yi nisa. Ƙafarsa ta hagu ce mai ƙarfi. Ki dawo da shi wannan gefen.”

Na ce wa Jerome ya kawo sifana.